Wuƙar Goggo

A kamfanin sarrafa kaji kowa Goggo yake ce mata, har manajan da bai san darajar kowa ba. A teburin yanka ta tsufa, sanyi ya ƙandarar mata da yatsu. Da wuƙa ɗaya tak ta riƙe gida, ta kai 'yarta jami'a, yanzu kuma da ita take ɓare wa jikanta lemo kullum da yamma, abin da ya fi mata komai daɗi a duniya. Wuƙar ƙotar katako gare ta, ta tsage, Goggo ta naɗe ta da zare. Ba ta ba da aronta, ba ta yarda a tsoma ta a ruwan magani, wai dakushewa take yi.

In shaguna suka dawo da kajin da suka yi funfuna, ita manaja yake tura wa. "Goggo, kankare, a sake musu leda." Sai ta kankare koren nan tas, ta goge wuƙar a rigar aiki, ta koma kan sababbin kaji.

Da ƙorafi ya yi yawa, hukuma ta turo masu bincike, cikinsu har da 'yar Goggo sanye da farar riga. Kai, ranar bakin Goggo ya ƙi rufuwa!

"Fara da tawa, 'yar nan," ta ce, ta miƙa mata wuƙar da hannu biyu.

Yarinyar ta goga auduga a tsagar ƙotar. A ɗakin gwaji suka karanta ƙwayoyin halittar funfunar. Ta cikin ledojin da ta tsagar iri ɗaya ce sak, kuma mai guba.

Manaja ya tara ma'aikata. "Ƙazamar tsohuwa, ke kika kashe mana kasuwa!" Wa ya ce a riƙa kankarewa? Oho. Goggo ta waiga, abokan aikinta duk suka sunkuyar da kai, munafukai. Aka karɓe wuƙar, aka nuna mata ƙofa.

Ba ta yi kuka ba. Da yamma ta zauna ta ɓare wa jikanta lemo da wuƙar kicin. 'Yar ta shigo, ta fizge lemon daga bakin yaron, ta wurga a bola.

"Ai ba waccan wuƙar ba ce," in ji Goggo.

"Na sani, Inna. Hannun dai shi ne. Kada ki ƙara ba shi komai."