Dattijo Mai Siminti a Gadon Baya

A tashar Kankiya, Hadijatu mai fura tana kallon wani dattijo da ke jiran motar Kusada. Riga ta yi masa yawa, tafin hannunsa duk kantar fartanya. A hankali yake zama, yana cije leɓe.

"Baba, ciwon baya ne?"

"Kansar jini ce ta karya ƙashin, ɗiyata. Likitoci ba su yanka ni ba, da allura suka ɗura mani simintin ƙashi a gadon baya, na miƙe."

Buhun gero ya zame daga kan babur a gabansa. Ya yunƙura zai tare, sai ya tuna, ya koma ya zauna. Hadijatu tana jin bara warhaka shi kaɗai zai ciccibe shi. Yanzu ƙasa yake kallo, har wasu suka ɗauke.