Tarin da Ba Shi da Ƙafa

A ƙauyenmu, can gefen Bukkuyum, idan sanyi ya shigo da wuri ake gama tuwo. Ana idar da sallar magariba sai kakarmu ta wajen uba, Kaka Ige, ta janyo ragowar itacen murhu zuwa ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa da zanen lulluɓarsa, gyaɗa tana gasuwa a cikin toka, har a kira lisha a kore mu. A bayanmu akwai akurkinta na laka mai ƙaramar ƙofa, wadda take toshewa da tsohon faranti ta jingina masa dutse. Muna zaune muna jin kajin suna gyara kwanciya.

Ita ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta ce, "Ga wata nan bakin ƙohwa, a buɗe mata ko ta wuce?" Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe mata!" Wani lokaci tana tsakiyar magana sai ta ɗaga hannu mu yi tsit, ta karkata kunne wajen akurki. Na daɗe ina mamakin abin da take saurare, kafin na gane atishawar kaza take tsoron ji.

Wadda ta fi zama a raina ta yi mana ita ne a shekarar da mura ta share kajin maƙwabtanmu. Wai Tari ne yake zaune a bakin hanya, ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, ga shi yana son shiga garin kaji. Ya roƙi iska ta ɗauke shi, ta ce iyakarta ta ƙetarar da shi darni ɗaya. Ya roƙi jaki, jaki ya ce ya san halinsa, idan ya hau ba ya sauka. Can sai ga wani zakara matafiyi, jajir da shi, kyakkyawa. Tari ya ce, "Sanyi nake ji, bar ni in raɓe a maƙogwaronka." Zakara ya buɗe baki zai yi cara, Tari ya faɗa.

To, garin kaji suna da doka: baƙo ba ya kwana a waje, kuma ba a tambayarsa. Da zakara ya yi sallama, wata tsohuwar kaza ta ji wani ƙwar-ƙwar a muryarsa, ta ce a sauke shi a zaure na 'yan kwanaki tukuna. Sauran suka yi mata ca, wai za ta ja musu abin kunya. Aka kai shi tsakiyar ɗaki, aka ba shi kaskon ruwa ya fara sha, kowa ya sha a bayansa. Kafin Juma'a ta zagayo gari ya kaure da atishawa. Kaji suka yi ta mutuwa, tsohuwar nan kaɗai ta tsira da nata, don tun daren farko ta kwashe 'yan tsakinta ta koma ƙarƙashin rumbu. Kaka ta kakkaɓe hannu ta ce, "Nan na baro su na zo jin ɗumi."

Mu yara muka hau zagin zakara. Ni kuwa wani abu ne ya tsaya mini.

"Kaka, da kajin sunka mutu duka, ina Tari ya tahi? Ai kin ce bai da ƙahwa."

"Ke Dije, bakinki bai jin sanyi?" Ta tura itace cikin wuta. "Ina za ya? Nan yaz zamna. Cikin tsagar bango, cikin kaskon ruwa, shina jiran wasu."

Da safe na sami tsinke na rarrafa cikin akurki ina zungurar tsagar bango, wai sai na ga kamarsa. Ban samo komai ba sai ƙaiƙayi da dukan da na sha. Amma daga ranar na fara lura da aikin Kaka. Takan kori kajin waje, ta kankare kashinsu, ta cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a ciki, ta barbaɗa toka, ta kife kaskon a rana, ƙofa a buɗe har la'asar. Na tambaye ta ko Tari tsoron wuta yake, ta ce in je in tambaye shi.

Shekaru suka ja, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, na yi aure a Gummi na fara nawa kiwon a bayan ɗaki. Sanyin farko mura ta shigo. Kaji suna buɗe baki suna jan numfashi, ido ya kumbura, majina tana zuba, fuka-fuki a sake. Suka ƙare. Na share akurki tsaf, na sayo wasu na zuba, su ma ba su yi wata ba suka bi sahu. Haushi da mamaki suka kai ni wajen malamin dabbobi, kuma ina jin ya yi nadamar ba ni kujera, don ban bar shi ya huta ba.

Ya ce shara kaɗai ba ta isa. A fitar da kaji, a kankare kashi, a wanke da ruwa da sabulu tukuna, don maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan dauɗa. Sannan a haɗa maganin yadda aka rubuta a jikin kwalba, a fesa bango da ƙasa da kaskon ruwa da na abinci, a bar wurin a buɗe har ya bushe warin ya fita. Kada a taɓa fesawa kaji na ciki, warin kansa yana ƙona musu ƙirji. A bar wa akurki kafar shan iska ko da sanyi ne. Sabuwar kaza kuma a ware ta kamar mako biyu. Na ce, "To malam, in kajin sun mutu, ina ita cutar take zama?" Ya ce a tsagar bango da kaskon ruwa. Dariya ta kuɓuce mini har ya tsargu.

Na bi abin da ya ce, kaji suka yi albarka, bayan ɗakina ya cika. Biyu ma suna kan ƙwai ranar da Inna, mahaifiyar maigidana, ta sauka daga kabu-kabu. Daga ƙauyensu take, can hanyar Anka, da kwando a cinya. Bayan gaisuwa ta miƙo mini shi.

"Ga ta, ɗiyata. Ki sa ta cikin naki."

Kaza ce wake-wake. Ina ɗaga ta na ji ƙwar-ƙwar ɗin nan a ƙirjinta, idonta ɗaya yana ruwa. A wajenmu ba a duba kyautar suruka, balle a yi mata kallon mai cuta. Ga akurki taku biyar daga inda nake, ga Inna a kan tabarma tana kallona. Na san in ta kwana a ciki, aikin shekara biyu ya tafi. Na kuma san in ban sa ta ba, maganar za ta iya bin aurena har tsufa.

Na wuce akurki. Na kai ta can lungun bayan madafa, na kife ta da kwando, na ajiye mata nata kaskon, na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu. Da na dawo, furar da na dama wa Inna tana nan ba ta taɓa ba.

"Kazata ba ta isa shiga cikin naki ba?"

Na durƙusa, kunya kamar ta kashe ni. "Inna, ki gahwarce ni. Numhwashinta na ji. Mura ta."

Ta murza bakin gyalenta. Na shirya shan faɗa.

"Su goma sha ɗaya na," ta ce a hankali. "Ita ɗai tas saura. Kullum sahe sai in ɗauko gawa. Na ce bari in kawo ta nan inda kaji ka rayuwa, ko ta tsira."

Tausayinta ya kama ni har na yi hawaye. Ina can ina lissafin yadda zan kare nawa, ashe ita gudun tsira ta yi da 'yar abin da ya rage mata.

Washegari muka hau kabu-kabu tare zuwa ƙauyensu, ni da bokiti da sabulu da kwalbar magani. Na kankare akurkinta, na wanke, na fesa, ita tana riƙe da butar ruwa tana tambayata dalilin kowane abu, har na fara tausayin malamin dabbobi. Wake-wake ta sha magani a lungun madafata ta warke. Malamin ya ce duk da haka kada ta shiga cikin nawa, don wadda ta warke takan ci gaba da ɗauke da cutar. Na mayar wa Inna ita, ta zauna a akurkinta mai tsabta ita kaɗai.

Yanzu nakan tuna yadda muka yi ta zagin zakaran nan a bakin wuta, muna cewa mugu, maci amanar masauki. Kaka ba ta taya mu ba, ba ta kuma hana mu ba. Ba ta taɓa faɗin garin da ya fito ba, ko abin da ya raba shi da gida a tsakiyar sanyi. Wataƙila shi ma shi kaɗai ya saura a garinsu, yana neman inda kaji ke rayuwa.