Khala Khairiyya da Wutsiya Mai Tsaga Uku

Ana sallame sallar Asuba a masallacin layinsu da ke unguwar Mansur a Makka, Khala Khairiyya Yalwa ta riga ta sauko daga bene, jaka a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hannu. Mai ƙosan bakin layi ba ta ko ɗora mai ba take wucewa, su gaisa a tsaitsaye, ta shige motar da ke kwasar ma'aikata zuwa Jidda. Awa guda da 'yan mintoci, duwatsu hagu da dama, har iska ta fara kawo ƙanshin teku. Ƙarfe bakwai tana cikin wani ɗaki mai sanyi a bayan gidan kallon kifaye, ta ɗaura leda a ƙirji, tana wasa wuƙa. Shekara goma sha ɗaya ke nan a haka. Ranar Alhamis mai zuwa za ta ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa wurin ya san doguwar hanyar gilashin nan da ake bi ta ƙarƙashin ruwa. Kana tafe, sai inuwa ta rufe ka, ka ɗaga kai ka ga farin cikin girish, wato kifin shak, yana wucewa ta samanka da haƙora a waje. Yara su ƙwalla ƙara, iyaye su ɗaga waya, wata tsohuwa ta kama salati. A fito a sha sanyi a koma Makka. Ba na jin akwai wanda ya taɓa tambaya ko wa ke ba waɗannan halittu abinci.

Ita ce. Ita ke narkar da kifin da za su ci, ta shinshina, ta ware wanda ya fara juyawa, ta yanka wa kowa daidai bakinsa, ta tura ƙwayar magani cikin cikin kifi ta yadda mai ci ba zai ankara ba. Kunkurun teku na da ganyensa, dokin ruwa da bai kai yatsa ba na da nasa ƙananan jatan lande. Girish bakwai ne a babban tanki, kuma kowanne Khala ta raɗa masa suna. Babbarsu, tsohuwa mai tsawon da ya fi ƙofar ɗaki, ita ce Hajiya 'Yar Kabo. Sunan wata hajiya ce da Khala ta sani tun tana budurwa, wadda ke cinye tuwo tas sannan ta ce miyar ba gishiri.

Tun a wancan lokacin aka faro. Mahaifiyar Khala, marigayiya Khadijatu, ta shekara talatin tana dafa wa alhazan ƙasar Hausa tuwo a unguwar Shisha lokacin aikin Hajji. Kamar kowace macen da ba ta son kwanonta ya ɓata, takan ɗiga jan farce a gindin kowane kwano. Sai dai ita ta ƙara da nata: kowane alhaji da adadin ɗigonsa, kuma ba a wanke kwanon da ya dawo sai ta buɗe ta gani da idonta. Wata shekara kwano mai ɗigo uku ya dawo da rana ba a taɓa ba, ya sake dawowa da yamma haka. Ta yafa mayafi, Khairiyya na biye, suka hau bene hawa huɗu. Suka tarar da wani dattijo Bagobiri kwance zazzaɓi ya kada shi, abokan ɗakinsa sun tafi Harami a zaton barci yake. Ya kwana biyar a asibiti, ya koma gida da ƙafarsa.

Da Khala ta kama aiki a gidan kifaye, sai ta taho da wannan hali. Girish ba shi da kwano, don haka ta koma kan abincin kansa. Duk kifin da za a ba wani girish, sai ta tsaga masa wutsiya da bakin wuƙa: wannan tsaga ɗaya, wancan biyu, Hajiya 'Yar Kabo uku. Sannan ta kafa doka a kan Hudaifa, mai nutson da ke share ƙasan tanki kowace safiya, cewa bokitin abin da ya kwaso sai ya biyo ta ɗakinta kafin a zubar.

Hudaifa magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, haifaffen Makka, jikan Katsinawa, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Shi ya ba ni labarin rigimarsu ta farko yana dariya.

"Ya Khala, wannan fa zibala ce," in ji shi, wato shara.

"Na ji. Ajiye min a nan."

"Wallahi wari yake."

"Hausar taka ma ai wari take, ɗan nan, ba mu zubar ba. Ajiye."

Ya ajiye. Shekara tara yana ajiyewa, tana tonawa da safar hannu, abokan aiki na toshe hanci suna ce mata mai duban bokiti. Ba ta taɓa tsintar abin da ya wuce ƙaya da ɓawo ba, sai a shekarar da ta gabata.

Sau uku ake ciyar da girish a mako. Ana soke kifi a bakin doguwar sanda a miƙa wa kowanne nasa, in ya karɓa a rubuta ya ci. Hajiya 'Yar Kabo na zuwa, ta fizge nata, ta juya ta shige bayan duwatsun ado, a rubuta ta ci. Wata safiyar Litinin Khala ta zaro wutsiya daga bokiti, ƙananan kifaye sun gwaigwaye naman, amma tsaga uku na nan raɗau. Ta wanke ta sa a firji. Laraba ta sake samun wata. Kafin mako biyu su cika, wutsiya biyar ta tara.

Ta jera su a faranti ta nufi ofishin likitan dabbobin gidan, Dakta Nawaf, ta dire masa a kan tebur kusa da kofin gahawarsa.

"Mene ne wannan, ya Khala?"

"Kwanon Hajiya ne ya dawo. Sau biyar."

Sai da ta yi masa bayani ya gane. Ya buɗe kwamfuta ya juya mata. "Ga shi nan, ta ci, ta ci, ta ci. Kuma ko da ba ta ci ba, girish kan yi sati uku bai kula abinci ba, ba abin damuwa ba ne."

"Wanda ba ya son abinci ba ya karɓa, Dakta. Ita da gudu take zuwa. Ta karɓa, ta je inda ba a ganinta ta tofar. Yunwa take ji, baki ne ke ciwo. Na ga haka a wurin tsofaffin alhazai, su amshi nama don kunya, ka same shi a ƙarƙashin tabarma."

Dakta Nawaf bai yi dariya ba, kuma ba don raini ya ƙi ba. Ya faɗa mata gaskiya: duba bakin girish sai an kama ta, an juyar da ita rigingine. Tsohuwa ce, wahalar kamun kaɗai na iya kashe ta. In aka kama ba a ga komai ba, ta mutu a hannunsu, to sun kashe lafiyayyar dabba saboda wutsiya biyar. In kuma Khala ce ke da gaskiya aka bari, za ta rame a hankali ta mutu a gaban 'yan kallo.

"Kawo min dalili ɗaya, abin da zai sa bakinta ciwo," ya ce. "Ɗaya kawai."

Daga ranar, in ta gama yanka, maimakon ta zauna shan shayi, sai ta cire leda, ta gyara abaya, ta shiga cikin 'yan kallo. Ta tsaya a hanyar gilashi, idonta a kan Hajiya. Kwana biyu ba ta ga komai ba sai ciwon wuya. A na uku wasu masu Umara daga Kano suka shigo, wani mai ƙiba da matarsa ke kira Alhaji Rabe yana gaba. Hajiya ta ratso ta samansa, ya dafe hula.

"Kai! Wannan ai tukunya goma ba za ta ɗauke shi ba. A samu attaruhu da citta kawai."

Daga bayansa Khala ta ce, "Alhaji, ita ma lissafin da take yi a kanka ke nan."

Ya waiwayo a firgice jin Hausa, matan suka fashe da dariya. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Suna shirin wucewa matar Alhajin ta nuna ƙasan tanki, inda wani kifi mai faɗi kamar faifai ke kwance a yashi.

"Baiwar Allah, wancan wa ya gutsure masa wutsiya? 'Yan uwansa duk nasu dogaye."

Khala ta duƙa ta duba. Ita ke yanka wa waɗannan kifaye abinci, ta san a gindin wutsiyarsu akwai ƙaya mai kaifi da baki irin na zarto. Wutsiyar wannan ta guntule daidai wurin. Ko sallama ba ta yi wa baƙin ba, ta nufi ofishin Dakta Nawaf da dalilin da ya nema. Hudaifa ya ce bai taɓa ganin Khala na gudu ba sai ranar.

Washegari da safe, kafin a buɗe wa jama'a, mutum shida suka shiga ruwa. Suka lallaɓa Hajiya cikin wata shimfiɗar roba, suka jawo ta inda ruwa bai da zurfi, suka juyar da ita. Girish in aka kifar da shi rigingine yakan yi lamo kamar wanda ya suma, amma na ɗan lokaci ne. Aka sa mata tiyon ruwa a baki don ta samu numfashi. Dakta Nawaf ya haska fitila, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ban ga komai ba."

Hajiya ta fara motsa wutsiya. Khala na durƙushe a bakin tanki, ledarta a jiƙe.

"Hagu, Dakta, can ciki. Duk wutsiyoyin nan gefe ɗaya aka tauna su. Da dama take kamawa, hagu take karewa."

Ya sake cusa fitila, ya ɗaga wata tsoka da ta kumbura a bayan haƙoran hagu. Ya miƙa hannu aka ba shi hantsaki. Ja ɗaya, ja biyu, sai ga ƙayar wutsiyar kifin nan mai faɗi ta fito, tsawon yatsa, baƙa ƙirin.

Aka juyar da ita daidai, aka sake ta. Sai ta nutse kamar buhu. Hudaifa ya bi ta, ya rungumo ta ta gefe, yana tura ta gaba don ruwa ya ratsa mata baki. Zagaye ɗaya, ba motsi. Zagaye biyu. Khala na ta jan "Ya Hayyu ya Ƙayyumu". A na uku wutsiya ta kaɗa, ta make Hudaifa a ƙirji, ta wuce abinta ko waiwaye babu.

"Kun gani ko," in ji Khala tana share ido da gefen mayafi. "'Yar Kabo ce. Ba ta taɓa cewa an gode ba."

Aka tafa, aka rungumi likita. Ita kuwa ba ta yarda an gama ba. Bayan kwana huɗu aka miƙa wa Hajiya kifi mai tsaga uku, ta fizga ta shige bayan duwatsu kamar kullum. Da safe Hudaifa ya kawo bokiti, Dakta Nawaf na biye da shi, bai ko toshe hanci ba. Khala ta tona har ƙasa, ta sake tonawa. Ƙaya da ɓawo kawai. Sai a sannan ta zauna ta buɗe fulas ɗinta.

Khala Khairiyya, ke ce ba ki iya ninƙaya ba, ba ki taɓa sa ƙafa a tankin nan ba, amma kin fi masu shiga sanin abin da ke ciki. Ke ce kika ɗauko tarbiyyar madafin Shisha kika kai ta bakin teku ba ki ji kunyarta ba. Sunanki ba ya jikin allon da 'yan kallo ke karantawa. A bayan gida kuwa yanzu doka ce rubutacciya: ba a zubar da bokiti sai an duba, kuma Nuha da za ta gaje ki ta riga ta iya tsaga uku ba tare da ta lalata wutsiya ba. 'Yar Khadijatu, mai bin sawun kwano, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya jiƙan wadda ta koya miki.

Mu kuma da ke Mansur da Shisha da Kudai, har gobe muna aika wa juna abinci, bene zuwa bene. Kwanon kan dawo, mu jefa shi wurin wanke-wanke muna waya. Daga yau a riƙa buɗewa ana dubawa. In ya dawo yadda ya tafi, a sa takalmi a hau benen, a ƙwanƙwasa ƙofa.