Direban da Ya Ƙi Ɗaga Yatsa

Ɗan gwaggona, wanda muke kira Ina-Gajiya, tun yana yaro gaisuwa ce sana'arsa. In aka aike shi sayen gishiri, sai miya ta ƙone bai gama gaida mai shago ba. Na rantse na taɓa kama shi yana yi wa akuyar maƙwabta barka da sauka lafiya. Shi dai ya ce sharri nake masa.

To, wannan bawan Allah ne ya tafi ƙasar waje, aka ɗauke shi tuƙin bas, na gwaji tukuna. A can, in direbobi biyu suka haɗu a titi, kowa yatsa ɗaya yake ɗagawa daga kan sitiyari. Shi ke nan, an gaisa.

"Yatsa fa, 'yar kawu!" in ji shi a waya. "Kamar ana nuna ɓarawo."

Na ce, "Ka ɗaga mana, ai ba haraji ake biya ba."

"Ga yara zan iya. Amma akwai wani dattijon direba a layinmu, kansa fari fat, kullum da safe muna haɗuwa a kan gada. Sa'an Baba ne, wallahi. Shi zan nuna wa yatsa?"

Ashe abin da yake yi, da ya hango dattijon sai ya saki sitiyari, ya haɗa hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Bas kuma ta kama gabanta. Ya ce ɗan karkacewa kawai ta yi. Ni na san fasinjojin nan sun ga lahira da idonsu.

Kyamarar cikin bas ta ɗauka. Shugabarsu ta zaunar da shi a ofis, ta kunna masa hoton kansa yana ladabi, mota tana lilo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ya sake sakin sitiyari, ya ajiye makulli. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da gidan gwaggo kaf.

Ranar da ya kira ni ban tsokane shi ba, karo na farko tun da aka haife mu. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce tun zuwansa ba wanda ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ya gida. Wannan sunkuyon ne kaɗai ya rage masa.

Washegari ga gada, ga dattijo tafe. Ɗan'uwana ya damƙe sitiyari kamar za a ƙwace, gumi na zuba. Dattijo ya ɗaga yatsa. Shi ma ya ɗaga nasa, amma baki ya ƙi yarda:

"Ina kwana, Baba! Ina gajiya? Ya iyali, ya ƙafa?"

Gilashi a rufe, dattijo ya wuce bai ji komai ba. Fasinjoji ne suka sha gaisuwar.

Haka ya ci gaba kullum, yatsa na dattijo, sauran na duk wanda ya biya kuɗin mota. An tabbatar masa da aikin. Akwai wata tsohuwa mai zama kujerar gaba, ta dame shi sai da ya koya mata amsa. Yanzu da sun hau gada ita ke cewa, "Lafiya lau, ba gajiya."

Ya ce wataran ma ba ta jira ya tambaya.