Mai-Katifa Ya Yi wa Takunkumi Riga

Ranar da wata mata ta taya ni tare da katifa, aron almakashi na shiga yi a shagon mijin yayata. Shagona na gyaran fanka manne yake da nasa, bango ɗaya ya raba mu. Rana ta take, layin ya yi tsit, na tarar ba ya nan, ga sabuwar katifa shimfiɗe a kan teburin aiki ko leda ba a sa mata ba. Na ce bari in ɗan ɗora bayana in ji ko aikin ya yi. Ban sake sanin inda nake ba sai da na ji muryar mace a kaina tana cewa, "Malam, wannan da shi ake sayar da ita, ko ana cirewa?"

Na buɗe ido, yawu ya gangaro min har wuyan riga. Surukina yana tsaye a bayanta, fuskarsa ko alamar dariya babu.

"Ana cirewa, Hajiya," in ji shi. "Shi ba ya da garanti."

Mai-Katifa kowa ke kiransa, har jikokinsa. Ni kuma Rediyo yake kirana, wai tunda ya auri Yaya bai ga inda ake kashe ni ba. Mutum ne mai jiki, mai gajeren wuya, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma da tef. A hannun mahaifinsa ya koyi aiki, kuma ya gaji wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba: babu katifar da za ta bar shagon sai ya kwanta a kanta. Idan barci ya ɗauke shi, katifa ta ci jarrabawa. A iya zamana da shi ban taɓa ganin wadda ta faɗi ba. Kafin ka gama juya baya barci ya kwashe shi. Masu saye kan tsaya suna kallonsa suna gyaɗa kai, suna cewa lallai wannan katifa ce.

Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutumin nan ko a kan buhun ƙusa aka ɗora shi barcin zai yi. Yana gyangyaɗi da basilla a hannu. Yana gyangyaɗi a tsakiyar labarin da shi da kansa ya ɗauko. Da yamma, idan hasken rana ya shigo ta ƙofar shagon a karkace, ɓurɓushin auduga yana yawo a cikinsa kamar ba shi da wurin zuwa, sai ka ga Mai-Katifa zaune a tsakiyar hasken, kai ya sauka a ƙirji, audugar tana sauka a gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Mu dai dariya muke yi.

Yaya ce kaɗai ba ta dariya. Minsharinsa bai dame ta ba, ta saba da shi kamar yadda mai gida kusa da titi yake sabawa da motoci. Shirun ne yake tsorata ta. Yana cikin jan minshari sai ya tsaya cak, ƙirji yana ƙoƙari iska ba ta shiga, sai Yaya ta zungure shi da gwiwar hannu ya yi wani irin shaƙuwa ya dawo. Shekara da shekaru haka take kwana, ido ɗaya a rufe, gwiwar hannu a shirye. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai ranar da ya yi gyangyaɗi a kan keken ɗinki allura ta ratsa masa yatsa. A asibiti, ana naɗe yatsan, ta buɗe baki ta faɗa wa likita komai.

Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi ya kwana a can. Likita ya ce maƙogwaronsa ne yake rufewa idan ya yi barci, jiki ya firgita ya tashe shi ba tare da ya sani ba, ya koma, ya sake rufewa, har gari ya waye. Wato mutumin da muke wa kirari da sarkin barci bai yi barcin kirki ba tun yaransa suna rarrafe. Likita ya ƙara da cewa zuciyarsa ce take ɗaukar wahalar, kuma ba za ta ɗauka har abada ba.

Suka dawo da inji a kwali. Likitoci na kiransa sifaf. Ɗan akwati ne da bai kai rediyon mota ba, da dogon tiyo, da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci da baki. Aikinsa ya riƙa tura iska a hankali don kada hanyar ta rufe. Da na ga surukina sanye da shi na ce masa giwa ta shigo dangi. Ya dube ni ta saman robar bai ce komai ba, don ba a iya magana da takunkumin a fuska, kuma na lura tun ranar na ƙara son injin.

Bayan 'yan kwanaki ya leƙo shagona da safe, abin da ba ya yi, ya zauna a kan kwandon da nake zuba matattun fankoki.

"Rediyo, na yi mafarki."

"To, sai me? Kowa na yi."

"Ni ba na yi. Na manta ma yadda ake yi."

Ya ce ya ga Baba, mahaifinsa, a tsohon shagonsu, sai dai shagon ba shi da rufi kuma ba shi da bangon baya. Baba yana cusa auduga a wata katifa da ta fita ta ƙofa, ta bi layi, ta sha kwana, ba a ganin ƙarshenta. Auduga tana saukowa daga sama a hankali, babu iska, babu zafi. Mutane suna tafiya a kan katifar ba takalmi, ba a jin sawunsu. Baba ya ɗaure bakin zare da haƙori ya ce masa, "Zo ka gwada." Ya cire takalmi, ya ɗora gwiwa ɗaya, sai ya farka.

Yana faɗa yana kallon fankar da nake gwadawa tana juyawa. Ban yi masa ba'a ba. Na so in yi, bakin ne ya ƙi.

Mafarkin ya yi ta dawowa, kullum yana tsayawa a gwiwa ɗaya. Amma gajiya ba ta tafi ba, kuma takunkumin ya fara cin karan hancinsa, ya bar masa jan tabo. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hana katako taɓa jikin mutane ba zai zauna roba tana cizonsa ba. Ya kawo takunkumin shago. Ya yanko soso siriri, ya zagaye bakinsa da shi, ya lulluɓe da wani yadi mai laushi ruwan toka, ya bi gefen da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana. Yana cikin aikin ya ga wasu 'yan hudoji a gaban takunkumin, ya tuna ta nan iska take fita ta busa wa Yaya a kunne. A wurin mai katifa, huda aibi ce. Ya girgiza kai ya ce kamfanoni sun daina gama aiki, ya ɗauko gam ya toshe su tas, ya rufe wurin da ɗan maɓalli na ado irin na kujera.

Ban taɓa ganin takunkumi mai kyan wannan ba. Kamar a ajiye shi a falo.

Daga nan mafarki ya ɗauke. Ya riƙa tashi da ciwon kai kamar an ɗaure masa goshi da waya, baki a bushe, ido a kumbure. Gyangyaɗi ya dawo har ya fi na da. Wata safiya na ga kwalin injin a ƙarƙashin teburin aikinsa, an ɗaure shi da igiya.

"Mayarwa zan yi," in ji shi. "Da can ina gajiya kyauta. Yanzu ina gajiya da tiyo a fuska."

Da azahar Yaya ta shigo shagona. Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana murza gwiwar hannunta ta dama, ban jin ta san tana yi.

"Auta," ta ce, don ita har yanzu auta nake, da furfurata, "kwanakin farko na injin nan na yi barci. Na juya masa baya na yi barci kamar yarinya. Idan ya mayar da shi, ni ba zan iya komawa gadi ba. Ƙarfina ya ƙare. Wata rana zan yi barci, shi kuma ya yi shiru, babu mai zungurarsa."

Ban sami abin dariya a ciki ba, na nema kuwa.

Na ce masa ni zan raka shi mayarwa, don kwalin ya yi masa nauyi. Bai yi nauyi ba, na dai so in kasance a wurin. A asibiti, a ɗakin masu injin numfashi, muka sami wata nas, 'yar siririya mai tabarau, wadda ba za ta girmi 'yarsa ta biyu ba. Ya gaya mata inji ba ya aiki. Ta kwance igiya, ta buɗe kwali, ta ɗago takunkumin da yatsu biyu, ta juya shi, ta shafa ɗinkin, ta taɓa maɓallin.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji shi, ya ɗan gyara zama. "Da hannu."

"Wallahi ɗinki ya yi kyau." Ta cire tabarau ta goge ido. "Baba, hudojin nan fa?"

"Iska suke zubarwa. Na gyara."

Ta daina murmushi. Ta ce ta nan numfashin da ya fitar yake fita. Da ya toshe su, abin da ya fitar shi yake sake shaƙa har safe, shi ya sa kai yake sara masa, kuma Allah ne ya kiyaye abin ya tsaya a ciwon kai. Soson kuma ya hana roba kama fata, iskar kirki tana tserewa ta gefe.

"Wato inda ya kamata ta fita na toshe," in ji shi a hankali, "inda bai kamata ba na buɗe."

"Haka ne, Baba."

"Aikin kwana biyu," ya ce, yana kallon maɓallin.

Ta gwada masa wani takunkumin da ya dace da hancinsa, ta nuna masa yadda ake sassauta maɗauri. Ta ce kada ya sa ran zai tashi gobe kamar saurayi. Gajiyar da ta daɗe tana taruwa ba ta fita rana ɗaya, wani sai ya yi watanni, kuma idan ta ƙi tafiya ya dawo a duba ko akwai wani abin. Sai ta sa shi ya yi alkawari ba zai kusanci sabon da allura ba. Ya yi, amma na ga idonsa yana auna gefen robar.

Ba zan ce ya warke garau ba. Har yanzu da la'asar yakan yi hamma mai tsawo, ya jingina da bango, yana kallon audugar da ke yawo a hasken ƙofa. Amma basilla ba ta ƙara faɗuwa daga hannunsa ba, kuma yanzu yana kai labari ƙarshe, abin da ya sa na gane labaransa ba su da daɗi. Yaya ta yi ƙiba kaɗan. Ta ce ƙarar injin kamar ruwan sama ne a nesa.

Wata rana ya gama katifa ya hau gwaji, ni ina bakin ƙofa. Ya kwanta. Na jira minshari. Shiru. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tashi zaune yana danna wani wuri da tafin hannu.

"Akwai ƙullutu a nan."

"Da ba ka jin irinsa?"

"Da ba na kaiwa nan." Ya daɗe yana kallon katifar, sai ya dubi layi, inda gidajen mutane suke cike da aikinsa. Ya ɗauko almakashi ya farke ɗinkin tun daga kusurwa.

Yana cikin farkewa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba ya dawo min a mafarki."

"Har yanzu gwiwa ɗaya?"

"A'a. Na hau. Na kwanta."

"Sai me ya faru?"

"Sai na yi barci."

"A cikin mafarkin?"

"A ciki. Auduga tana sauka a kaina, Baba yana ɗinki can nesa, ina jin zaren yana wucewa. Babu wanda ya tashe ni."

Muka yi shiru. Fanka tana juyawa a shagona, ana jin ta ta bango. Tsohon takunkumin yana rataye a ƙusa sama da keken ɗinki, da rigarsa ruwan toka da maɓallinsa, yana ɗan lilo. Shirun ya yi min yawa, ni kuma ba na iya zama da shiru.

"Giwa," na ce, "wai wannan na bango me kake ajiye shi? Ko gasar ɗinki za ka kai shi?"

Ya ciji zare ya tofar.

"Naka ne. Ranar da aka taya ka da katifa na daɗe tsaye a kanka kafin matar ta shigo. Minsharinka yana tsayawa, Rediyo, irin nawa sak. Ka je a duba ka. Karo na farko ke nan da na ji ka yi shiru, kuma ko shi ma ban ji daɗinsa ba."