Fili Ɗaya a Darki, Zane Biyu

Shekarun baya, bayan mun gama jami'a a nan Wudil, ni da abokaina biyu muka buɗe ɗan ofishin zanen gidaje. Muna da wani allo a intanet, kowa na shiga ta wayarsa ko kwamfutarsa ya yi zane, ya liƙa hoto, ya bar saƙo. Sai dai allon guda ɗaya ne tal, komai a kansa muke jibgewa. Kicin ɗin wani ya hau kan falon wani, ni kuma ina ta cika baki wai na san inda komai yake.

Wata Asabar abokina ya gaji, ya ce, "Malam, yau sai mun raba kayan nan." Muka ba duk wanda ya kawo mana aiki allonsa, kowane gini da nasa shafin, masu zane gefe guda, masu awon fili gefe guda.

Ina cikin jan hotuna sai na tsaya cak. Fili ɗaya a garin Darki ya fito a allo biyu. Ɗaya na wani malamin makaranta ne da nake yi wa zane, ɗayan na wani mai sayar da shinkafa da abokina ya karɓo. Kowannensu ya ce gida zai gina wa mahaifiyarsa, kada kowa ya ji. Da na duba takardunsu sai na ga sunan mahaifiyar ɗaya ne.

"Kai! Wa da ƙane ne!" na faɗa, har na ture kofin shayina.

Muka yi ta shawara, don amana aka ba mu. Daga ƙarshe na kira malamin, tunda shi ne babba, na ce, "Yallaɓai, kafin a sa bulo, don Allah ka zauna da ƙaninka a kan filin nan."

Bayan la'asar sai ga su tare, suna dariya har da hawaye. Ƙanin ya ce, "Yaya, da sai dai motocin yashinmu su yi karo a ƙofar Inna!"

Nan take muka buɗe sabon allo, muka saka su duka. Wan ya ƙara ɗakin baƙi, ƙanin ya nace sai an haƙa burtsatse. Ranar tarewa tsohuwar ta yi ta sa mana albarka har muryarta ta dishe.

Har yau in na bi hanyar Darki sai na rage gudu na kalli gidan. Da mun bar aikinmu a hargitse, da wataƙila 'yan'uwa biyu sun ɓata a kan alheri.