Takalma a Ƙofar Masaukin Panyu

Shekara talatin na yi a ma'aikatar gidaje kafin in ajiye aiki, kuma ni na jagoranci gina wa makiyaya rukunin gidaje a jiharmu. Ko kwana ɗaya ba su yi a ciki ba. Wannan ban faɗa wa kowa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba. Saboda haka da na zo zama wurin ɗana, manyan 'yan kasuwarmu suka damƙa mini masaukin da suka kama wa fatake a unguwar Panyu, suna murna an samu masani.

Dokar garin a fili take: duk baƙon da ya kwana, sai hukuma ta san sunansa da inda ya kwana. Na tsara gado ɗaya, suna ɗaya, na rubuta da hannuna, na liƙa a bango.

Sai dai falke ba ya mayar da mabuɗi. In zai koma Maraɗi, ɗan garinsu da ya sauka ranar yake miƙa wa, shi kuma ya jawo wani. Gado goma sha biyu gare mu, amma wata Juma'a na ƙirga takalman mutum goma sha tara a bakin ƙofa. Ba ni kaɗai ke ƙirgawa ba. Matar da ta ba mu haya tana tsaye a matakala, tana ɗaukar su hoto da waya. Ba ta amsa gaisuwata ba. Bayan kwana biyu ta dawo da wani mutum mai riƙe da fayil, wanda ya daɗe yana duban takardar bango.

Washegari wani dattijo mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi ya iso da jakunkuna, da mabuɗin ƙanensa a hannu. Na tare ƙofa.

"Alhaji, babu sunanka a rajista."

"Ranka ya daɗe, gadon ƙanena ne fa. Ko ɗuminsa bai huce ba."

"In ka kwana, rufe gidan za a yi."

Ya dube ni daga hula har ƙasa. "To, Malam Gwamnati, Allah ya bar maka gidanka."

Ya ja kayansa ya sauka. Babu wanda ya yi mini magana a kai. Da safe na tarar da mabuɗi uku a kan teburina, kashegari biyar. Takalma suka yi ta raguwa, har matar ta fara yi mini murmushi.

Ba a rufe gidan ba. Rajistata ba ta da kuskure ko ɗaya. Amma shirun da ke cikin ɗakunan nan na san shi, domin na taɓa tsayawa a cikinsa a gidajen makiyaya, da tarin mabuɗai a hannu.